Jakunkunan keke na Ortlieb bayan mako bakwai a bakin Kogin Danube

Mai tafiyar keke shi kaɗai, wanda kwanansa a tanti yake, yana iya jure jiƙewa tun daga safe har faɗuwar rana muddin ya san yana da busasshiyar rigar da zai sa idan ya sauka, da busasshen abin da zai kwanta a ciki. Ranar da ruwa ya kai ga waɗannan biyun, ranar ce tafiya take fara lalacewa, domin babu abokin da zai ara masa riga, kuma babu tabbacin cewa gobe rana za ta fito ta shanya masa kaya. Da wannan ma'auni na auna jakunkunan baya na kamfanin Ortlieb, samfurin Back-Roller Classic, waɗanda na rataya a kariyar kekena daga garin Donaueschingen na ƙasar Jamus, inda ƙoramun Brigach da Breg suke haɗuwa su zama Kogin Danube, har zuwa birnin Constanta da ke gaɓar Bahar Aswad. Tafiyar ta ci mini mako bakwai da kusan kilomita 3,000, ta ratsa Jamus da Ostiriya da Sulobakiya da Hungari da Sabiya da Romaniya, kuma mafi yawanta a kan hanyar keken nan da ake kira EuroVelo 6 na yi ta.

Jakunkunan biyu ne, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kuma idan aka haɗa su suna ɗaukar lita 40, nauyinsu ba kaya a ciki ya kusa kilo biyu. Yadin da aka yi su da shi mai kauri ne, an shafe shi da roba, irin tamfol ɗin da ake rufe manyan motocin ɗaukar kaya da shi, kuma wannan kama tana da asali, domin Hartmut Ortlieb, wanda ya kafa kamfanin a Nuremberg a 1982, daga tamfol ɗin mota ya samo dabarar bayan ruwa ya yi masa duka a wata tafiyar keke da ya yi a kudancin Ingila. Abu biyu ne suka bambanta su da jakar da aka saba gani. Na farko, ba da zare da allura aka haɗa gefunansu ba, narkar da robar aka yi aka liƙe ta da juna, saboda haka babu hujin allura da ruwa zai bi. Na biyu, ba su da zif a baki. Ana naɗe bakin ne sau uku ko huɗu kamar tabarma, sannan a ɗaure da maɓalli, a ja igiya ta danne naɗin.

Jarrabawar gaske ta zo tun a mako na biyu, tsakanin Regensburg da Passau, inda aka wuni ana ruwa, aka kwana ana yi, washegari kuma aka ɗora. Rigar ruwan da ke jikina ta gaza tun kafin tsakar rana. Ƙaramar jakar da na ɗaura a kan keke, wadda wani kamfani dabam ya yi kuma aka sayar mini da ita da sunan ba ta shan ruwa, ta ɗibi ruwa ta wajen zif har taswirar takardar da ke ciki ta zama kamar kunu. Da na isa filin kafa tanti da yamma, hannuna yana rawar sanyi, na kwance naɗin jakar hagu, na tarar da buhun barcina a bushe ƙayau, haka ma safa da rigar sanyi. Tun daga ranar na daina ƙunshe kayan barci a leda kafin in sa su a jaka, al'adar da na daɗe ina yi da jakunkunan da na riƙe a baya, kuma har na kai teku ban ga ɗigon ruwan sama a ciki ba.

Sai dai ya kamata mai saye ya fahimci iyakar alƙawarin. Matakin kariyar da kamfanin ya rubuta shi ne IP64, wato ƙura ba ta shiga, kuma feshin ruwa daga kowace fuska ba ya shiga, amma ba a ce a nutsar da jakar a kogi ba. Haka kuma wannan kariya ta dogara ne kacokan ga naɗin baki. Duk wanda ya cusa kaya har ya rage naɗi ɗaya kawai yake iya yi, ya riga ya warware alƙawarin da hannunsa, kuma wannan yana nufin lita 40 ɗin da aka faɗa ba wuri ne da za a yi ta ƙari a kansa ba a duk lokacin da aka sayi abinci mai yawa.

Abin da na fi daɗewa ban koya ba, kuma shi ne na fi so mai niyyar irin wannan tafiya ya riƙe, shi ne cewa jakar da ba ta barin ruwa ya shiga ba ta barinsa ya fita. A kwarin Danube raɓa tana sauka sosai, musamman a filayen kafa tanti da ke daf da ruwa, ta yadda ko ba a yi ruwan sama ba mutum yakan tashi ya tarar da rufin tantinsa sharkaf. Wata safiya a yankin Wachau, tsakanin Melk da Krems, ina saurin kama hanya kafin rana ta yi zafi, na naɗe tantin da danshinsa na tura shi cikin jakar dama tare da tawul da kayan sawa, na naɗe baki sau huɗu yadda ya kamata. Rana ta wuni tana dukan jakar. Da na buɗe ta da yamma, tururi mai ɗumi ne ya fara tarbata, komai na ciki ya yi laushi da danshi, ga wani wari da ya ɗauki kwana biyu kafin ya bar rigunan. Laifin nawa ne ɗungurungum, jakar aikinta ta yi. Daga nan na kafa wa kaina doka: duk abin da ya jiƙe, a waje zai yi tafiya. Tanti ya koma saman kariya a cikin nasa buhun, wankin da bai bushe ba ina maƙala shi a ƙarƙashin igiyar roba iska ta yi ta kaɗa shi, kwalbar fetur ɗin risho kuwa ta koma mazaunin gorar ruwa a jikin keke, domin idan wani abu mai ƙarfin wari ya zube a cikin irin wannan jaka, babu ta inda zai tsere. Hatta abinci na koyi in sa shi a sama-sama in ci da wuri, saboda a zafin watan Yuli na kudancin Romaniya cikin jakar yana ɗaukar zafi ƙwarai.

Abu na biyu da sai an saba da shi shi ne cewa jakar rami ɗaya ce. In ban da wani siririn aljihu da ke manne a bangon ciki, wanda ya isa takardu da ƴan ƙananan abubuwa, babu wani rabo. Abin da ka fi bukata yakan gangara can ƙasa, kuma a makon farko na sha zazzage rabin kayana a gefen hanya don neman gam ɗin faci ko tocila. Na fahimci dalilin masu ƙira, domin kowane aljihun waje sabuwar ƙofa ce ga ruwa, kuma a ganina sun yi zaɓin da ya dace. Maganin yana hannun matafiyi: ƙananan buhunan yadi masu launi daban-daban, ɗaya na kayan gyara, ɗaya na kayan girki, ɗaya na sawa, sannan a tsayar da ƙa'ida cewa jakar hagu ta dare ce, ba a buɗe ta sai an sauka, ta dama kuwa ta rana ce. Na kuma liƙa jan tef a hannun ta hagu, domin su biyun kamarsu ɗaya, kuma a cikin duhun tanti ba a gane wace ce wace.

Yadda ake rataya su a kariya abin yabo ne. Ƙugiyoyi biyu ne a sama, waɗanda suke buɗewa da kansu idan aka ɗaga jakar ta hannunta, su kuma rufe su kama ƙarfen kariya da zarar an sake ta, sai wata ƙugiya guda a ƙasa da ke hana jakar lilo. Tsarin da ke kan nawa, wanda suke kira QL2.1, ana matsar da ƙugiyoyinsa gaba ko baya ba tare da sifana ko sukundireba ba, wanda ya taimaka mini wajen ja da jakunkunan baya har dunduniyata ta daina taɓa su idan ina taka feda. Bakin ƙugiyar yana ɗaukar ƙarfe mai kaurin milimita 16, kuma ana haɗo ƙananan robobin ciko na milimita 8 da 10 da 12 don ƙarfen da bai kai haka ba. A nan ma na yi kuskure, na sa cikon da ya fi ƙarfen kariyata faɗi, sai jakar ta riƙa ƙwanƙwasa a duk inda hanya ta zama ta duwatsun daɓe, har fentin kariyar ya fara cinyewa. Da na sa daidai kuma na naɗa ɗan tef a wurin, ƙarar ta ɗauke. Shawarata a auna ƙarfen tun a gida, a kuma tafi da ragowar robobin, tunda ba su da nauyi.

Daga Passau zuwa Vienna, kilomita ɗari uku da ƴan kai na shimfiɗaɗɗiyar kwalta, kowace irin jaka za ta zauna lafiya, saboda haka ban ɗauki wannan yanki a matsayin shaida ba, sai dai sauƙin cire jakunkunan ya yi amfani a ƙananan jiragen fito da ke tsallakar da masu keke a wajen lanƙwasar kogin da ke Schlögen. Kudu da Budapest ne hanya take nuna halinta, inda take hawa kan gancin da aka gina don tare ambaliya, wani wurin tsakuwa, wani wurin ciyawa da sawun taya kawai. Sa'o'i na yi ina jijjiga a kan wannan ganci, ƙura ta rufe jakunkunan har launinsu ya ɓace, amma ko sau ɗaya ƙugiya ba ta saki ba, kuma ƙurar ba ta kai ga abin da ke ciki ba. Sau ɗaya tayar gaba ta zame mini a cikin tsakuwa na faɗi ta gefen dama, jakar ce ta fara dukan ƙasa, ta kare mini ƙafa da na'urar canza giya. Abin da ya same ta bai wuce ƙujewa a kusurwar ƙasa ba, kuma na rufe wurin da faci da gam don kada ya ci gaba.

A mashigin Ƙofar Ƙarfe, inda kogin ya matse tsakanin duwatsu a kan iyakar Sabiya da Romaniya, hanyar ɓangaren Sabiya da ke wucewa ta ganuwar Golubac tana kutsawa ta ramukan dutse a jere, da yawansu ba su da fitila. A nan ne na yi godiya ga manyan tambura masu ƙyalli da ke gefen kowace jaka, waɗanda suke mayar da hasken fitilar mota. Ba za su maye gurbin jar fitilar baya ba, kuma bai kamata kowa ya shiga waɗannan ramuka ba tare da ita ba, amma suna nuna wa direba faɗin keken tun daga nesa, kuma na lura manyan motoci suna ba ni fili.

Akwai wata damuwa da ta keɓanta ga wanda yake tafiya shi kaɗai. Sauƙin da yake sa mai jaka ya cire ta da hannu ɗaya, shi ne yake sa wanda ba nasa ba ma ya cire ta da hannu ɗaya, kuma babu wanda zai tsaya maka gadi idan ka shiga kanti. Kamfanin yana sayar da wata siririyar waya ta ƙarfe da ake ƙarawa a jikin ƙugiya don a haɗa da kwaɗon keke, amma dabam ake sayenta, kuma na ga ya fi kyau a ce tana zuwa tare da jakar. Ni dai fasfo da kuɗi da waya ba su taɓa kwana a cikin jakunkunan ba, kullum a jikina suke, sannan nakan zura igiyar kwaɗo ta cikin hannayen jakunkunan biyu, in jingina keken inda zan hango shi ta taga. Da dare ina shigar da su ƙarƙashin rumfar tanti, kuma saboda ƙasansu ba ya shan ruwa ban damu da jiƙaƙƙiyar ciyawa ba.

Wanda tafiyarsa ta kwana biyu ce a lokacin da ba a ruwa, ko wanda otal yake kwana, zai iya ganin nauyinsu da tsadarsu sun fi ƙarfin bukatarsa, kuma faɗin da suke ƙara wa keke yana sa iska ta riƙa tura mutum baya a filayen da ba su da itatuwa. Haka kuma lita 40 a baya kaɗai ba ta ishe ni ba sai da na ɗora tanti da tabarmar barci a sama, abin da ya sa gaban keken ya yi sakayau a hawan tuddan da ke tsakanin kogin da Constanta. Da zan sake wannan tafiya, zan ƙara ƙananan jakunkuna biyu a tayar gaba don in raba nauyin. Garantin kamfanin na shekara biyar ne, kuma ana samun ƙugiyoyi da maɓallai dabam idan sun karye, ko da yake ban bukaci ko ɗaya ba.

A Constanta na zazzage su, na wanke su da tiyo ciki da waje, na kifa su a rana, kafin sa'a ɗaya sun bushe. Launin gefen da ya fi shan rana ya ɗan koɗe, bayan kowace jaka yana da baƙin zane inda yake gogar kariya, facin da na yi a Hungari yana nan bai ɗaga ba. Na maƙala musu igiyoyin kafaɗa da suke zuwa da su, na rataya ɗaya a kowace kafaɗa, na tura keken zuwa tashar jirgin ƙasa mai zuwa Bucharest.