WhatsApp, Facebook ko Telegram: wane gurup ya dace da ma'aikacin otal a Maraɗi?

Shekara tara ke nan ina aikin otal a garin ga, daga ɗakin wanki da guga na faro har Allah ya kawo ni resefsiyon, kuma duk yaron da aka ɗauka sabo kafin ya yi wata guda sai ya same ni da maganar, Yaya wane gurup zan shiga ne? Tambaya ce mai kyau, don forfe kuɗi ne, kuma aikinmu aiki ne na kaɗaici, kana zaune ƙarfe 3 na dare baƙi sun yi barci daga kai sai ƙarar janareto, dole ka so inda za ka yi magana da wanda ya san abin da kake ciki.

Na fara da WhatsApp don shi ne namu. Babban abin da ya fi sauran da shi a nan shi ne saƙon murya. Da yawa cikin masu gyaran ɗakuna da masu gadi da yaran kicin ba su yi lakkwal mai zurfi ba, Faransanci a rubuce wahala ne gare su, amma kowa ya iya danna ya yi magana da Hausa. Tun 2022 gurup ɗaya yana ɗaukar mutum 1024, sai dai ni a ganina da zarar an wuce mutum ɗari lamarin ya fara zama kasuwa, sai gaisuwar Juma'a da tallar turare. Ƙaramin gurup na waɗanda suka san fuskar juna shi ke da albarka. Na gani da idona bayan Yulin 2023 da aka rufe iyaka aka yanke kuran daga Najeriya, baƙin Katsina da Kano da ke shigowa ta Ɗan Isa suka ɗauke ƙafa, wurare da dama suka ce ma'aikata su zauna gida tukun. A gurup ɗinmu ne muke jin ana neman masu raba abinci a biki a Ali Ɗan Tsoho, ko wani gidan abinci a unguwar Zariya na neman kuku na sati biyu. Wata ƙanwarmu mai gyaran ɗakuna ɗanta ya kwanta asibiti, da safe ta yi saƙon murya muryarta na rawa, kafin la'asar an tara mata ta Nita, wanda ke kusa kuma ya hau kabu-kabu ya kai mata hannu da hannu.

Amma aibinsa ba ƙarami ba ne. Lambarka a fili take ga duk wanda ke ciki, mata su suka fi shan wahalar wannan, wani ya kwashi lamba ya dinga kira da tsakar dare. Sannan kunnen maigida yana nan ciki ko ba ka sani ba. Na san wanda ya yi ƙorafin an yi wata biyu ba a biya su ba, washegari aka nuna mishi hoton maganarsa a biro. Ga kuma doka, dokar laifukan intanet ta 2019 da aka gyara a 2024 ta dawo da ɗauri kan zagi da ɓata suna ta waya, saboda haka ka faɗi damuwarka amma kar ka kama sunan mutum ka zage shi, ko ka turo hoton baƙo ko katinsa, wannan amana ce aka ba mu. Kuma don Allah ka shiga saitin ka hana bidiyo sauka da kansa, in ba haka ba megarka ba ta kai magariba.

Facebook kuwa shi ne mai faɗi. Nan za ka tarar da manyan gurup na masu aikin otal da gidajen abinci daga Yamai da Kwatano da Abijan har Dakar, yawanci da Faransanci. Wurin koyo ne sosai, yadda ake shimfiɗa gado, yadda ake jera tebur, yadda za ka amsa baƙon da ya zo da fushi don kilim ɗinsa bai sanyi. Wasu gurup ɗin admin ya buɗe damar ka yi tambaya ba tare da sunanka ya fito ba, wannan ya dace da maganar da kake jin nauyinta, kamar baƙo ya takura ki ko an hana ka konje. Da Facebook Lite ma ba ya cin mega sosai. Matsalarsa 'yan damfara, kullum sai ka ga sanarwa ana neman ma'aikatan otal a Dubai ko Saudiyya da albashi mai tsoka, ka yi magana a ce turo kuɗin dosiye. Wani yaronmu na kicin ya sayar da babur ɗinsa ya tura, har yau lambar ba ta shiga. Raina yana ɓaci duk na tuna. Aikin da aka ce sai ka biya kafin a gan ka, bar shi.

Telegram a takarda ya fi su duka, gurup har mutum 200,000, kana iya ɓoye lambarka, ana ajiye manyan takardu da bidiyon koyarwa, wanda ya shigo yau yana iya karanta abin da aka yi bara in admin ya bari. Sai dai mutanenmu na Maraɗi ba su cika shiga ba, ka yi sallama sai bayan kwana uku a amsa. Ka riƙe shi don karatu kawai. LinkedIn kuma na masu difloma ne da ke hangen manyan otal na Yamai irin Radisson Blu da Noom da aka buɗe a 2019 lokacin taron Tarayyar Afirka, in can ka nufa ka rubuta tarihin aikinka da kyau ka saka.

Akwai gurup na 'yan'uwanmu na Kano da Katsina, Hausa zalla, akwai zumunci da dabarun girki, ina cikin guda kuma ina ƙaruwa. Amma kar ka ɗauko maganar haƙƙi daga can ka kawo nan, dokarmu daban. Su mafi ƙarancin albashinsu naira 70,000 ne tun 2024, mu namu jika 42 ne na sefa, kuma dokar aikinmu ta 2012 ce. Maganar an yi maka rajista a CNSS, wato asusun fansho na ma'aikata, ko ba a yi ba, ko an kore ka ba takarda, gurup zai iya nuna maka hanya ya raka ka, amma ofishin masu binciken ƙwadago da sandika su ke da ikon kiran maigida.

To in ni ce za ka bi, ga yadda nake gaya ma yara. Ka samu ƙaramin gurup na WhatsApp guda ɗaya na garin ga, kafin ka shiga ka tambayi wane ne admin, ma'aikaci ne irinka ko ɗan gidan maigida, kuma in ana tara kuɗi ko adashi a hannun wa suke kwana, ana faɗin abin da ya shigo da wanda ya fita? Ka ƙara da gurup ɗaya na Facebook don koyo da neman aiki. Satin farko ka yi shiru ka saurara, ka duba ran da wani ya kawo matsala mutum nawa suka amsa mishi da abin da zai amfane shi. In sati ya zagayo ba ka ga ko ɗaya ba, ka fita ka zo in saka ka namu.