Layin sauraren damuwar manoma: na kira, ga yadda muka ƙare da su

Lambar nan ta kai wata uku a wayata ban taɓa ta ba. Malamin gona ne ya raba mana ita a wata 'yar takarda ranar da ya zo duba tsutsar da ta shiga masara, ya ce layi ne na manoma da masu aikin gona, in abu ya cushe wa mutum a rai ya kira kyauta. Muka yi ta dariya, wani ma cewa ya yi to in sun gama sauraren za su aiko da taki ne? Ni ma na dara amma dai na sa lambar a waya.

Abin da ya sa na kira kuwa, daminar bara ce ta yi min rugu-rugu. Mun yi shuka ruwa ya ɗauke sati uku, na sake sayen iri na sake shukawa, tsutsa ta shigo, ina cikin fama da feshi kuma ruwan ya dawo gaba ɗaya kamar da bakin ƙwarya ya kwantar da rabin gonar, ga bashin taki ga 'yan ƙwadago biyu suna bina kuɗin aikinsu kuma su ma iyali gare su. Barci ya ƙaurace min. Ƙarfe biyun dare idona biyu ina lissafin buhunan da babu su. Abinci ba ya min daɗi, abu kaɗan na hau yara da faɗa, daga ƙarshe ma na daina zuwa gonar sam, sai in saɓa fartanya in kama hanya in tsaya a gindin wata bishiya in zauna har rana ta take. Manomi yana tsoron ganin gonarsa, kai abin ba daɗin faɗa.

Na ɗauka zan ji irin muryar nan ta na'ura, danna ɗaya danna biyu. Mace ce ta ɗauka, muka gaisa, na yi shiru don ban san ta inda zan fara ba. Ba ta ce min faɗi matsalarka ba. Cewa ta yi, "Malam, bana me ka shuka?" Na ce masara. Ta ce da ruwan ya kwantar da ita ta fara goyo ko tukuna? Wallahi tambayar nan ita ta buɗe min baki, don duk wanda ya san ya yi ta to ya san bambancin asarar da ake farfaɗowa da wadda sai dai a jira baɗi. Ashe 'yar manoma ce. Na yi magana kusan minti 40 ba ta katse ni ba, kuma ba ta ce min ka yi haƙuri kowa ma haka yake ba, kalmar da na sha ji har ta ishe ni. Haƙurin ai ina yi, barcin ne babu.

Can tsakiya ta yi min tambayar da ba wanda ya taɓa min, kai tsaye ba kwana-kwana: ko na taɓa tunanin kashe kaina. Na ji nauyi sosai amma na faɗa mata gaskiya, tunanin ya taɓa giftawa sau biyu. Ba ta razana ba, ba ta yi min wa'azi ba, ta tambaya ina nake ajiye maganin feshi, ta ce tana so tun yau in kulle shi in ba wani da na yarda da shi makullin. Ni a lokacin gani na yi ta cika zuzuta abu. Daga baya na fahimci dalili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 700,000 ke kashe kansu duk shekara, kuma kusan ɗaya cikin biyar da maganin ƙwari ne, yawanci a yankunan noma, saboda abin yana kusa da hannu kuma sau tari mugun tunanin na ɗan lokaci ne, in ya wuce ya wuce. Siri Lanka da ta hana shigo da magungunan da suka fi haɗari, kisan kai a ƙasar ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 tsakanin 1995 da 2015, kuma noma bai tsaya ba. To makullin yana hannun ƙanena har yau, ranar feshi in karɓa in mayar.

Bayan kiran farko suka sa ni a tsarin hira sau biyar, sati-sati. Ta ce sun ɗauko shi ne daga wani tsari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016 wanda mutum ba sai likita ba zai iya koya ya taimaki wasu da shi, an gwada shi a Pakistan da Kenya. Satin farko numfashi aka koya min, a ja a hankali a saki a hankali, gaskiya na raina shi, na ce yanzu ni da bashi a wuya numfashi za a koya min, amma da dare yana ɗan saukar da bugun zuciya, ba laifi. Wanda ya fi min amfani shi ne na sati na biyu. Ta ce in jero duk abin da ke damuna, sannan mu raba su gida biyu, wanda hannuna zai iya kaiwa da wanda ba zai iya ba. Ruwan sama, farashin taki, rabin gonar da ta riga ta tafi, duk suka koma gefe guda. Aka bar min uku. Ta ce ɗauki ɗaya tak, mafi sauƙi. Na ɗauki mai takin da nake ta ɓuya masa wata biyu, in na hango shi in canza hanya. Muka tsara abin da zan ce masa da ranar da zan je, na je gabana na faɗuwa, mutumin nan ya yarda in biya kashi biyu, rabi bayan girbi rabi bayan noman rani. Wata biyu ina gudun maganar da ba ta kai minti goma ba.

Yanzu inda suka gaza, don ba zan yi ta yabo kawai ba.

Layin yana rufewa da yamma. Su wa suka gaya musu damuwar manomi da rana take zuwa? Da rana ai yana aiki, tsakar dare take danne mutum. A Faransa layin manomansu da aka buɗe a 2014 dare da rana yake aiki, na wata ƙungiyar manoma a Ingila kuma daga 7 na safe har 11 na dare kullum. Ko irin na Ingilan aka yi an rage. Sannan a hira ta uku wani namiji ne ya kira ni maimakon ita, mutumin kirki ne amma bai karanta bayanina ba sai da na sake labarin tun daga farko, kuma maimaita irin wannan labari ba ƙaramin aiki ba ne. Ga matsalar sabis, a gona in ba kan tudu ka hau ba magana sai ta dinga yankewa, wannan kam ba laifinsu ba ne amma da suna sake kira da kansu in ya yanke da ya fi.

Babban ƙorafina shi ne duk tambayoyinsu na mai gona ne, hekta nawa, bashin nawa. Ɗan ƙwadagon da in gona ta lalace shi ne farkon wanda ake sallama fa? Da matan da ke girbi da sussuka? Takardarsu ta ce har da su, amma tsarin bai nuna an yi tunaninsu ba, na kuma faɗa musu haka.

Kar kuma wani ya kira da zaton za a biya masa bashi ko a ba shi magani, ba sa yi, kuma sun faɗa tun farko. Da na ambaci ciwon kai da jiri cewa ta yi in je asibiti a auna ni, aka samu jinina ya hau, yanzu ina shan magani.

In tauraro ake bayarwa na ba su huɗu cikin biyar, ɗayan na riƙe shi sai ranar da suka fara ɗaukar waya da dare. Shekaranjiya ɗaya daga cikin yaran da ke min aiki na ga ya yi zugum ya rame, na tambaye shi ya ce ba komai Baba. Na ba shi lambar ya ce wayarsa ta lalace. Sai na danna kiran a tawa na miƙa masa, na ɗau fartanyata na tafi can ƙarshen gona inda ba zan ji me yake cewa ba. Ya daɗe bai dawo min da wayar ba.