Yatsa, fuska ko ido: wace na'urar tantance ma'aikata za ka saya?

Kafin ka je wajen dillali, fara duba hannuwan mutanen da za su riƙa amfani da na'urar. Idan ma'aikatan ofis ne, na'urar dangwale ta wadatar, kuma ita ce mafi araha. Amma mai buga bulo, mai wanki da manomi, zanen yatsunsu ya sha gogewa. Hunturu na shigowa fata ta bushe ta tsage, sai ka ga mutum yana lasar yatsa, yana gogawa a riga, layi na ƙara tsawo a bayansa. Sabon lalle ma kan rikita wasu na'urorin.

Ta fuska tana da sauri, sai dai mai niƙabi dole ta ɗaga a bakin ƙofa. Ni ban ga dalilin tilasta mata hakan kullum ba.

A nan ne na'urar ido ta yi zarra. Tana ɗaukar hoton zoben da ke kewaye da baƙin tsakiyar ido da wani haske da mutum ba ya gani, wanda ke fito da zane-zanen zoben ko da idon baƙi ne wuluk irin namu. Daga nan manhaja ta ware fatar ido da gashinsa, ta miƙe zoben kamar an warware tabarma, ta mayar da zanen lambobi. John Daugman na Jami'ar Cambridge ne ya tsara hanyar, ya samu rajistar mallakarta a 1994. Idonka na dama daban yake da na hagu, haka na Hassan da na Husaini. Indiya ta haɗa hoton ido da yatsu goma a rajistar Aadhaar, wato ta lambar shaidar mazauna ƙasar, domin wanda yatsunsa suka goge ya samu shiga.

Na'urar ido tana da tsada, kuma ba ta son ƙyallin tabarau ko rana mai dukan fuska, don haka a kafa ta a inuwa. Wanda aka yi wa aikin yanar ido, gara a sake masa rajista.

Tambayi dillali ko na'urar na bambance ido mai rai da hoto. A 2017 ƙungiyar masu kutsen kwamfuta ta Chaos Computer Club ta Jamus ta yaudari wayar Galaxy S8, mai buɗewa da ido, da hoton ido da aka ɗora wa ɗan gilashin da ake mannawa a ƙwayar ido. Tambaye shi kuma ina bayanan ke zama, domin dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa su cikin masu buƙatar tsaro na musamman, kuma ido ba a canza shi kamar lambar sirri. Kada ka biya sai ya kawo ta wurinka, an gwada da tsohon maigadinka da mai niƙabi, an kuma kashe janareta an ga ko batirinta zai riƙe.