Fresh Prince of Bel-Air: Zango na Uku ko na Huɗu?

A zango na uku na wannan shirin talabijin na barkwanci na Amurka, wanda tashar NBC ta fara nunawa a 1992, Janet Hubert ce Anti Vivian: malamar jami'a mai kaifin baki, harara ɗaya za ta yi wa Will, jarumin shirin da ke zaune a gidanta, ya shiga taitayinsa. Da Daphne Maxwell Reid ta gaje ta a 1993, mai sanyin hali, gaskiya gidan ya rage armashi.

Amma a na huɗun ne mahaifin Will ya dawo bayan shekara 14, ya sake guduwa. Will ya tsaya a falo, murya na rawa, yana tambayar Kawu Phil dalilin da uban ba ya son sa, James Avery, wanda ya fito a matsayin Kawu Phil, mijin Anti Vivian, ya rungume shi ƙam. Saboda wannan kashi kaɗai na fifita na huɗu.