Sauya giyar aksil ko rage tsayin taya: wanne ya fi a filin tsere?

Wani ɗan uwa a wannan zaure ya ce motarsa tana nawa wajen fita daga kwana, alhali tayarsa 225/45R17 ce (faɗi milimita 225, tsayin gefe kashi 45 cikin ɗari na faɗin, rim inci 17), giyar aksil kuma, wato haƙoran da ke miƙa ƙarfin inji ga tayoyi, 3.73 ce (shaft na juyawa sau 3.73 kafin taya ta juya sau ɗaya). Yana tambaya ko ya koma 4.10, ko kuwa ya sa taya 225/40R17.

Malam, duka biyun za su sa inji ya ƙara juyawa a kan gudu ɗaya, amma girman tasirinsu ba ɗaya ba ne. Tsayin tayarka ta yanzu milimita 634 ne, na wadda kake tunani kuma 612, wato ragin kashi 3.5 cikin ɗari, wanda zai sa 3.73 ɗinka ta yi aiki tamkar 3.87. Komawa 4.10 kuwa ƙarin kusan kashi 10 cikin ɗari ne. A ɗauka giya ta uku tana ƙurewa, wato inji ya kai iyakar juyinsa, a kilomita 150 cikin sa'a: da gajeriyar taya za ta ƙure a wajen 145, da 4.10 kuma a wajen 136.

A nan ne lissafin yake da sarƙaƙiya, domin ƙarfin da ka samu a bakin kwana kana iya mayar da shi a miƙaƙƙen titi. Idan sabuwar giyar aksil ɗin ta tilasta maka shiga giya ta huɗu dab da wurin taka birki, ko ta sa inji ya ƙure kana tsakiyar doguwar kwana, to asarar sauyin giyar tana iya cinye ribar baki ɗaya. Saboda haka ka fara duba juyin inji a ƙarshen titi mafi tsawo da kuma a kwana mafi matsi kafin ka sayi komai.

Taya ta fi araha da sauƙin mayarwa, sai dai tana taɓa abin da giya ba ta taɓawa: mota za ta sauka da kimanin milimita 11, gefen taya zai ƙara tauri, agogon gudu zai riƙa nuna fiye da gaskiya, nauyin da tayar ke ɗauka kuma yakan ragu. Giyar aksil kuwa sai ƙwararren makaniki ya daidaita haɗuwar haƙoranta, in ba haka ba ta yi ta kuka har ta cinye kanta.

A ganina, ka zaɓi taya saboda riƙon titi kawai, sannan idan lissafin filinka ya nuna akwai sarari, ka gyara nawar da 4.10.