Zaɓen Sabar da Za Ta Bayyana Dalilin Sandarewarta

Masu sayen sabar ta kamfani, wato babbar kwamfutar da sauran kwamfutoci ke dogaro da ita, sukan tsaya kan ƙarfin firosesa da yawan RAM (ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta), su manta da ranar da na'urar za ta sandare, fitilunta na ci, fankokinta na juyawa, amma ba ta amsa kowa. A irin wannan rana, kashe ta a kunna yana dawo da aiki, sai dai yana goge abin da ke cikin RAM, wanda shi ne shaidar da injiniya zai bi ya gano musabbabin matsalar. Abin da ake bukata shi ne a tilasta wa tsarin aikin sabar (Windows ko Linux) ya faɗi da gangan, ya juye ƙwaƙwalwarsa cikin fayil, kuma hanyar da ta fi tabbas ita ce aika siginar NMI, wata siginar katse aiki ta gaggawa wadda firosesa ba ya iya yin watsi da ita. Ƙaramin allon gudanarwa da ke cikin sabar ne ke aika ta, shi ya sa nake duba shi kafin komai.

Ni dai iDRAC, allon gudanarwar sabar Dell, na fi amincewa da shi. Yana da adireshinsa na hanyar sadarwa daban, yana aiki ko da Windows ko Linux sun daskare, kuma daga nesa ake aika NMI ana kallon allon sabar har ya koma shuɗi da lambar 0x80, alamar Windows ya karɓi siginar ya faɗi. Tun daga Windows Server 2012 ba a bukatar taɓa rajista, wato ma'ajiyar saitunan Windows, kafin tsarin ya karɓi wannan sigina. A Linux kuwa sai an shirya kdump, kayan aikin da ke yin juyen, tun da wuri, an ware masa wani yanki na RAM, an kuma saita kernel ɗin, wato zuciyar tsarin, ya faɗi idan NMI ta iso. Abin da za a kula shi ne, kallon allo daga nesa yana bukatar lasisin iDRAC mai suna Enterprise.

iLO, allon gudanarwar sabar kamfanin HPE, yana yin wannan aiki daidai, amma a duba ASR, wanda ke sake kunna sabar bayan minti 10 idan ta daina amsawa, domin zai iya katse juyen yana tsaka. Sabar kamfanin Supermicro ta fi sauƙin kuɗi, kuma umarnin ipmitool, manhajar aika umarni ga allon gudanarwa, ya wadatar wajen aika NMI ga wanda ya iya. Dabarar danna Ctrl na dama da Scroll Lock sau biyu don tilasta wa Windows ya faɗi ba ta da amfani idan babu mutum a gaban na'urar.

Hattara da masu sayar da sabar da aka yi amfani da ita. Na taɓa sayen ɗaya daga wani dillali da ya nuna mini allon nesa yana aiki lafiya, ashe lasisin gwaji ne na kwana 30. Daren da na'urar ta sandare, na buɗe shafin gudanarwa na tarar an rufe wannan sashe, sai na aika siginar a makance, ban san ko juyen ya kammala ba, kuma da na sake kunna ta fayil ɗin rabi ne. Lasisin iDRAC yana ɗaure da lambar shaidar sabar guda, saboda haka duk wanda ke tallar lasisi mai arha a intanet ba tare da tambayar wannan lamba ba, a yi shakkarsa. A nemi dillali ya buɗe shafin lasisi a gaban mai saye, a ga an rubuta na dindindin ne. A kuma karɓi kalmar sirrin allon gudanarwa, a canza ta nan take, domin tsofaffin na'urorin Dell da yawa har yanzu suna kan sunan shiga root da kalmar sirri calvin da suka zo da su daga kamfani.

Sannan a auna faifai. Cikakken juye a Windows yana bukatar wuri da ya ɗan haura girman RAM, don haka sabar mai gigabait 256 ba za ta iya ajiye shi a faifan tsari mai gigabait 120 ba, sai an ware masa wani faifan kafin a ɗora mata aiki.