Yadda harkar asibiti take a nan Kumasi, ƙasar Ghana

Yaya barka da war haka, ya Kano, ya jikin Umma? Ka ce in faɗa maka gaskiya tsakanin asibitin nan da namu kafin ku yanke shawarar kawo ta, to wallahi in dai babban asibiti ne layi ne nan da can, kar wani ya ruɗe ka. Inda suka sha gabanmu shi ne ƙananan ma'aikata, nas-nas ɗin unguwa, kuma korona ce ta gyara su.

Ranar 30 ga Maris 2020 aka kulle Accra da Kumasi, sati uku aka buɗe don an ga mai hannu baka hannu ƙwarya ba zai iya zama a ɗaki ba, mu a unguwar Aboabo ma gida ɗaya iyali nawa ne a ciki, ina za ka kai tazara? Sai suka koma kan abin da talaka zai iya. Gwamnati ta yafe kuɗin ruwan famfo na watanni, teloli suka hau ɗinka takunkumi, sannan ga bokitin Veronica, bokiti ne kawai da aka sa wa kan famfo, da roba a ƙasa tana tare ruwan datti, wata ma'aikaciyar lafiya 'yar ƙasar nan Veronica Bekoe ce ta ƙirƙiro shi tun da daɗewa. Ƙofar masallaci, tashar motocin haya (trotro), bakin kasuwar Kejetia, ko'ina sai ka wanke hannu. Abin nan ko a Kurmi za a haɗa shi a yini ɗaya, shi ya sa yake min ciwo.

Gwaji kuwa da farko wuri biyu ne kacal, cibiyoyin bincike na Noguchi a Accra da KCCR a nan, kayan aiki ba su isa ba sai suka riƙa haɗa samfurin mutane da yawa su gwada lokaci guda, in ya fito lafiya duk an sallame su, in da cuta sai a bi su ɗaya bayan ɗaya. Na ƙauye kuma jirage marasa matuƙi na Zipline ke ɗaukowa.

Allurar rigakafin korona ta iso 24 ga Fabrairu 2021, guda 600,000, Ghana ce ƙasar farko da shirin COVAX na raba wa ƙasashe allurar ya kawo wa. Mutanenmu na zango sun ji tsoro sosai, ka san jita-jitar, irin dai wadda muka sha lokacin foliyo. Nas-nas ɗin ba su tsaya jira a asibiti ba, suka bi ta hannun limamai da sarakunan zango, maganar babban limamin Ghana Sheikh Sharubutu kuma a nan ba a tsallake ta. Da cutar Marburg, 'yar uwar Ebola, ta ɓulla a yankin Ashanti a Yulin 2022 sun riga sun ƙware a bin sawun waɗanda suka yi hulɗa da mara lafiya, zuwa Satumba an ce ta ƙare.

Amma fa magani akwai tsada tunda sidi, kuɗin ƙasar nan, ta faɗi a 2022. Katin inshorar lafiya ta gwamnati (NHIS) ta waya ake sabunta shi, wannan kam sun huta, sai dai sau da yawa likita zai duba ka ya rubuta ya ce je ka saya a kemis. In za ku taho ka sayo wa Umma maganin hawan jininta na wata uku daga can, ku haɗo da takardun gwajinta na baya da katin allurar shawara don ana tambaya a boda.